Kawu Mai Sakin Kifi

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kawu ya riga mu komawa. Ya rasu wata Talata da hantsi a ɗan gidan da yake haya a Glenwood, yana zaune a kujerarsa ta bakin taga. Wata ɗaliba da ke gidan kusa ce ta lura ta wuce sau biyu bai ɗaga mata hannu ba, ta kira motar asibiti. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne ya kawo ni ƙasar nan.

A falona aka yi zaman makoki, don nasa ba zai ɗauki mutum biyar ba. Mutanenmu na Greensboro sun zo, na Nijar da na Gana da 'yan Najeriya, wasu da kayan aiki a jikinsu. Ana shan shayi ana addu'a, sai Alhajin Kumasi, mai kantin da muke taruwa bayan sallar Juma'a, ya shafa fatiha ya ce, "Allah ya ji ƙan Mai Sakin Kifi."

Aka ce amin, amma na ga murmushi ya zaga ɗakin. Wani baƙo ɗan Damagaram ya matso ya ce, "Wai da gaske ne? Ya kama ya saki?"

"Da hannunsa," in ji Alhaji. "Ga ɗansa nan, shi ya gani. Awa biyu a mota, ya shiga ruwan ƙanƙara, ya kama kifi, ya gaishe shi, ya ce ya gaida gida."

Wata Hajiya ta ce daga ƙofar kicin, "Bawan Allah, ba ruwansa da kowa. Sai dai kaɗaici yana taɓa mutum."

Liman ya yi gyaran murya, aka koma addu'a. 'Yar Kawu, wadda ta zo daga Atlanta, tana zaune kusa da matata. Hausarta ba ta da yawa. Ta tambaye ni da Turanci me suka ce da ya sa ake murmushi. Na ce mata suna yabonsa ne. Ƙarya na yi mata, mahaifinta bai kwana biyu a ƙasa ba.

Ni ba mai ilimi ba ne. Aji shida na yi a lakol, kuma tun da na zo, lodin kwalaye nake yi a wani sito. Amma dole in rubuta wannan, domin sunan da aka kira shi da shi a ranar makokinsa ni ne na laƙa masa. Abin da mutane suka sani game da Kawu da kifi daga bakina suka ji, kuma rabin labarin na ba su.

Ranar da na sauka a filin jirgi, ya zo da rigar sanyi a hannu. Tasa ce. Shi ya koma mota da 'yar shara, yana cewa jikinsa ya saba. Wata takwas ina kwana a gadonsa, shi a kan kujera. Shi ya koya mini tuƙi a filin ajiye motoci na wani coci da ba kowa ranar Litinin. In na taka burki da ƙarfi ba ya faɗa, sai ya dafe gilashinsa ya ce, "To, mun tsaya. Alhamdu lillahi."

Ba mai yawan magana ba ne. Matarsa ta rasu tun kafin in zo, 'yarsa ta yi aure ta tafi. A teburin cin abincinsa ba kwano, sai ƙananan ƙugiyoyi, da zare kala-kala, da almakashi, da gashin tsuntsu a cikin ambulan. Duk lokacin da muka je wata gona a McLeansville sayen zabi, shi ne zai tsaya a kan mata yana cewa, "Kada ku zuba ruwan zafi tukuna!" Sai ya zaɓi gashin da yake so, mai ɗigo-ɗigon fari, sannan a fige. Da shi yake ɗaura ƙudan ƙarya a jikin ƙugiya, ɗan ƙarami kamar ƙwayar shinkafa biyu. Wani tsohon Bature da suka yi aiki tare a masana'antar kujeru ne ya koya masa, da ya daina iya tafiya kuma ya bar masa sandarsa ta kamun kifi. In Kawu ya gama ɗaura ƙuda, sai ya sa awartaki ya danne ɗan haƙorin nan na ƙugiya da ke hana kifi kuɓucewa. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai ka lalata ta." Ya ce, "Na gyara ta dai."

Kusan shekara huɗu kafin rasuwarsa, a watan Oktoba, ya kira ni ya ce, "Ganye ya fara ja. Ka nemi hutun kwana biyu, ka raka ni dutse." Ya saya mini permi, takardar izinin kamun kifi, da wandon roba mai zuwa har ƙirji. Muka bi hanyar 421 zuwa yamma bayan sallar asuba, a tsohuwar motarsa, da kaset ɗin karatu, da kula mai burodi da dafaffen ƙwai. Da muka fara hawan duwatsu na ga abin da yake nufi. Itatuwa ja da rawaya har iyakar gani, kamar an shanya atamfofi.

Kogin ba babba ba ne. A garinmu da rafi za a kira shi. Ruwan garau, kana ganin duwatsun ƙasa, ga sanyi mai shiga ƙashi ko ta cikin roba. A jikin wata bishiya akwai allo. Kawu ya tsayar da ni a gabansa ya karanta mini, ya fassara. Daga wannan wata har farkon bazara, duk kifin da aka kama a wannan yanki sai a mayar da shi ruwa da ransa.

Na ce, "To me ya kawo mu?"

Ya ce, "Shigo ka gani."

Na ga yadda yake jefa zare. Ba irin fatsar da na sani ba ce. Yana kaɗa sandar gaba da baya a hankali, zaren yana miƙewa a iska, sai ƙudan ya sauka kan ruwa ba ƙara, ya bi ruwa kamar na gaske. Ni kuwa na kama reshe sau uku, na kama hulata sau ɗaya. Yana ta cewa, "Ba ƙarfi ba ne. Jira zaren ya miƙe a bayanka. Kai kullum sauri kake, wa ke korarka?"

Da ya kama na farko ya kira ni. Tirawut sunansa, amma shi ɗan sanyi yake ce masa. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, da jan layi a gefe da ɗigon baƙi a baya. Kawu ya tsoma hannuwansa biyu a ruwa kafin ya taɓa shi. Ya ce, "Jiƙa hannu tukuna. Busasshen hannu yana goge masa yauƙin jikinsa, yauƙin nan kuwa shi ne rigarsa." Ya zare ƙugiyar, ya riƙe kifin a cikin ruwa yana fuskantar inda ruwan ke zuwa, har ya dawo hayyacinsa ya kaɗa wutsiya ya tafi. Na dubi fuskar Kawu. Shekara shida ina tare da shi ban taɓa ganinsa haka ba.

Muna karyawa a kan wani dutse ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba a garin nan. Wannan shi ne rabin da na ɓoye. Kakanninmu na wajen uwa masunta ne, a wani ƙauye kusa da Gaya. Ya ce yana saurayi, wata shekara da rani, shi da abokansa biyu suka daka majimfa, ganyen nan mai kashe kifi, suka zuba a tafkin da ƙauyen ke jira kifinsa ya yi ƙwari a yi su, kowa ya kama tare. Suna so su riga kowa. Ya ce kafin azahar tafkin ya yi fari fat, manya da ƙanana har da waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, duk ciki sama. Sun kwashi abin da za su iya, sauran ya ruɓe. Mahaifinsa bai doke shi ba. Ya kai shi bakin tafkin ya ce ya tsaya nan har rana ta faɗi, yana kallo yana shaƙa. Shekara biyu tafkin bai ba ƙauyen komai ba.

"Na bar gida, na bar su," in ji shi, "amma warin bai bar ni ba. Da na zo nan na ga ruwan da ake mayar wa kifinsa, sai na ce ashe akwai inda mutum irina zai rage. Ba na ce haramun ne cin kifi ba. Ni dai wannan ruwan mun yi alkawari da shi."

Na ce Allah ya yafe. Kuma da gaske na faɗa.

Bayan azahar muka rabu, shi ya hau sama, ni na gangara bayan wata kwana. Can Allah ya ba ni nawa na farko, kuma ya fi na Kawu girma. Na riƙe shi ina kallonsa. Abin da ya zo mini a rai shi ne matata. Na bar ta da yara kwana biyu, na ce mata na tafi kamun kifi. In shiga gida hannu rabbana? Mu da ko kasuwar ƙauye mutum ya je sai ya riƙo ƙuli-ƙuli? Tun ina yaro ban taɓa ganin namiji ya dawo daga tafiya ba tsaraba ba. Na duba sama, ban ga Kawu ba. Na buga kan kifin a dutse, na naɗe shi a ledar burodi, na lallaɓa mota na tura shi ƙasan kula.

Da la'asar, bayan mun yi salla a kan ciyawa, Kawu ya buɗe kula zai ɗauko madarar shayi. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ɗago ledar.

"Wa ya ba ka?"

"Kawu, ai halal ne."

"Ban tambaye ka hukuncinsa ba. Na ce wa ya ba ka."

"Guda ɗaya ne fa. Tsarabar yara. Yaya za a yi in koma ba komai?"

"Na karanta maka allon?"

"Ka karanta."

"Na ba ka labarin tafki?"

Maimakon in ce ya yafe mini, sai na ji bakina yana cewa, "Wannan dokar Turawa ce, Kawu. Su da suka ƙoshi. Kai ma ka daɗe a nan har ka manta yadda ake yi a gida."

Ya dube ni. Ya mayar da ledar cikin kula a hankali, ya rufe. Ya ce, "Ya riga ya mutu, zubar da shi wani laifin ne. Ka kai musu. Naɗe sandarka." Mun riga mun kama ɗakin kwana a wani masauki, amma muka juyo. Har Greensboro bai kunna kaset ba. Da ya sauke ni ya ce in gaida mutan gida.

Matata ta soya kifin. Yara suka ce ƙaya ta yi yawa, suka nemi taliya. Ni na cinye shi a tsaye a kicin, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Da kunyar ta tsaya nan, da da sauƙi. Ranar Juma'a a kantin Alhajin Kumasi aka tambaye ni yaya dutse. Na ji tsoron kada Kawu ya riga ni ba da labari, shi da bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Sai na mayar da abin wasa. Na kwaikwayi yadda yake tafiya cikin wandon roba. Na kwaikwayi yadda yake lallashin kifi. Na ce, "Kawuna ya zama Mai Sakin Kifi." Aka yi dariya har Alhaji yana share hawaye da hularsa. Ban faɗi tafki ba. Ban faɗi ledar burodi ba.

Kafin wata ya ƙare sunan ya bi gari. Ran nan Kawu ya shigo kantin sayen gero, wani ya ce, "Malam, yau nawa aka sallama?" Ya yi murmushi ya ce, "Duk wanda ya zo." Ya biya ya fita. Ya wuce ta gabana ya amsa gaisuwata kamar kullum. Ya san daga inda sunan ya fito, don mu biyu ne kawai a kogin.

A shekarar ne ciwon suga ya fara cin idonsa, aka hana shi tuƙi. Na ɗauka maganar dutse ta mutu. Amma da Oktoba ta zagayo sai ga wayarsa. "Ganye ya fara ja." Ba gori, ba tuni. Na ce aiki ya yi yawa, ana ba mu ƙarin awoyi, sai wani satin. Ya ce, "To, Allah ya taimaka." Shekara ta biyu na ce motata ba ta da lafiyar hawan dutse. Ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe." Gaskiyar ita ce ba na iya zama awa biyu a mota da shi, don na san wani wuri a hanyar nan dole in buɗe baki in ce na yi laifi. Ina kai masa abinci ranar Salla. Ina kai shi asibiti in an kira ni. Duk abin da za a gani a ce ɗan ƙanwa ya kyauta, na yi. Abu ɗaya da ya roƙa ne ban yi ba.

Shekara ta uku ban ɗauki wayar ba. Ya bar saƙo. Bayan kwana biyu na bi ta layinsu da yamma, zan kai wani abokin aiki gida. Na hango shi a ɗan filin gaban gidansa, da jallabiya da rigar sanyi, yana kaɗa sandar nan a kan ciyawa. Ba ƙugiya, ɗan ƙullin ulu ne a bakin zaren. Zaren yana tafiya yana dawowa, yana sauka a kan busassun ganye. Ɗalibai biyu a kan keke sun tsaya suna kallo. Abokin aikina ya ce, "Ba kawunka ba ne wancan?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ba za ka tsaya ba?" Na ce muna sauri. Na san idonsa ba zai gane motata ba, kuma na ji daɗin hakan. Allah ya gani, na ji daɗin hakan.

Bai kai wata Oktoban ba.

Ni da Liman muka yi masa wanka. Da na zo zan taɓa shi, na tsoma hannuna cikin ruwan ɗumi tukuna, ban san na yi ba sai da na yi. Nan ne kuka ya zo mini, har Liman ya ce in fita in dawo.

Bayan addu'ar bakwai muna kwashe kayansa, 'yarsa ta miƙo mini wani gwangwanin alewa. A kan murfin ya manna takarda, ya rubuta da ajami: na ɗan ƙanwata. Ciki ƙudaje ne na gashin zabo, layi uku, an soka su a jikin soso. Layin farko tsaf. Na biyu zaren ya ɗan karkace. Na uku manya ne, ba su da kyau, na mutumin da yake ɗauri da lalube. Amma kowace ƙugiya an danne mata haƙori. A bayan ƙofar ɗakinsa kuma wandunan roba biyu ne a rataye, nasa da nawa. Ranar na gaya mata gaskiyar abin da aka faɗa a makoki, da wanda ya jawo. Sai ta ce da Hausarta mai tsinkewa, "Baba ya ce kai za ka zo. Kullum ya ce."

Da ganye ya yi ja bana na ɗauki hutun kwana biyu na tafi ni kaɗai. Na kunna kaset ɗinsa. Allon yana nan a jikin bishiyar. Ranar farko ban kama komai ba sai rassa. Na yi salla a kan ciyawar da muka yi, na sha shayi, kofi ɗaya ya rage a jaka ba mai sha. Kashegari wajen hantsi na ɗaura ɗaya daga layi na uku, na jira zaren ya miƙe a bayana. Wani ɗan ƙarami ya taso ya ɗauka. Na jiƙa hannu. Ƙugiyar ta fita ba wuya. Na riƙe shi a ruwa ina jin numfashinsa a tafina, na ce, "Kawu, ni ne na ɗauki kifin, ni ne na ba ka sunan, ni ne na wuce ban tsaya ba. Ka yafe mini." Kifin ya kaɗa wutsiya ya shige ƙarƙashin dutse. Ban sani ba ko ya yafe, kuma ba zan sani ba sai mun haɗu.

Da na iso gida matata ta buɗe ƙofa ta ce, "Sannu da hanya. Ina tsara…" Sai ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Ta ce, "Shigo, abinci na nan da zafi."

Ranar Juma'a a kanti Alhajin Kumasi ya ce, "An ce ka je dutse. Nawa ka kama?"

Na ce, "Ɗaya."

"Ina yake?"

"Yana can."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Shi ke nan, an yi gado. Ga sabon Mai Sakin Kifi!" Na bari suka gama, sannan na ce su zauna, akwai sauran labarin da na rage musu shekara huɗu. Na faɗi tafki, na faɗi ledar burodi, na faɗi filin gaban gida. Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan shi ne, in za ku ambaci Kawu, ku ce mutumin da ya ɓata ruwa sau ɗaya yana yaro, ya yi sauran ransa yana biya. Sunan kuwa ku bar mini shi, ni na ƙera shi, kuma in an kira zan amsa. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya yafe masa tafkin, ya shayar da shi daga ƙoramun da ba sa ƙafewa. Ni kuma Allah ya ba ni ikon tsayawa in na hango wani tsoho shi kaɗai a gaban gidansa.